Ƙuri'ar Gidan Bawah

Duk wanda ya taɓa shiga wani rukunin gidaje da ke bayan shagunan Aziziya a birnin Doha ya san Bawah, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon da ke ɗaga sandar ƙofa, mai furfura a gemu, wanda har hular kakinsa ke shan guga. Sauran masu gadi, in rana ta take, sai su lafe a cikin ɗan ɗakin gadi su rungumi na'urar sanyi. Bawah kuwa sai ya fito ya tsaya ƙyam, ya leƙa mota, ya gaida mai ita, sannan ya ɗaga sanda, ko da tun safe motar take shige da fice a gabansa. Mutanen gidajen suna mita, amma in za su yi tafiya shi suke bar wa makullansu.

A Zongon Kumasi aka haife shi, a gidan wani mai sayar da goro da ba ya maimaita magana. In lokacin zaɓe ya zo ba a muhawara a gidan. Bayan sallar asuba tsohon zai faɗi alamar da za a dangwala wa, sai mata da 'ya'ya, har da 'yan haya, su ɗunguma su je su dangwala. Bawah ya taso bai ga aibin hakan ba, kuma da ya yi nasa gidan haka ya ɗora.

Ya gwada ɗinki bai yi kasuwa ba, ya yi yaron mota ya gaji da zagin fasinja. Sai da ya shiga 'yan sintirin unguwa ya gane abin da aka halicce shi domin sa. Allah ya ba shi hanci. Daga bakin masallaci yana iya jiyo warin wiwi a bayan makabarta, ya naɗe ƙafar wando ya bi samari har cikin kwata. Iyaye da kansu suke kawo masa 'ya'yansu ya yi musu horo, shi kuma ba ya ragi.

Da matarsa Ajaratu ta rasu, gidan ya yi masa faɗi. Babbar 'yarsa Sherifa ta riga ta tafi Amurka tana aikin jinya a wani ƙaramin gari, daga baya ta yi ta fafutuka har ƙanenta Iliasu ya bi ta. Sai Bawah ya biyo wani kamfanin gadi ya zo Doha, kuma Doha ta yi masa daidai kamar an auna. Nan ba mai tambayarka ra'ayi. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ya faɗa, kamfani ya faɗa, kai kuma ka ce to. Abokansa suna kuka da wannan, shi kuwa cewa yake ƙasar da ba a tambayar mutum ta fi saurin kawo barci.

Zaɓe ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne na Sherifa. Tun da ta zama 'yar ƙasa a can, duk lokacin da za a yi zaɓe sai ta kira ta kwatanta masa 'yan takara, ta turo hotunansu. Bawah zai sa tabarau ya ƙura wa fuskokin ido, ya zaɓi wanda ya fi kama da mai tsoron Allah. Ita kuma ta je ta dangwala. Ba ta taɓa musu ba, kuma yana alfahari da wannan fiye da yadda yake alfahari da aikin jinyar tata.

Wata Litinin bayan la'asar, yana bakin sanda, wayarsa ta yi ƙara.

"Baaba, kana zaune?" in ji Sherifa.

"Ina tsaye. Ina diyuti."

"To ka zauna."

Bai zauna ba, don haka a tsaye ya ji labarin. 'Yan sanda sun tsayar da Iliasu saboda fitilar bayan mota, sai suka ga ganye a aljihun motar, ɗan kaɗan, bai cika tafin hannu ba. Sun sake shi, amma magana tana gaban alƙali. In aka same shi da laifi takardunsa za su lalace, aikinsa ya tafi, kuma ana iya sa shi a jirgi a maido shi Kumasi da jaka ɗaya.

Bawah ya waiga hagu da dama. A ƙasar nan ko sunan abin ba ya so ya ji ya fito daga wayarsa. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Wane ganye? Na shayi?"

"Baaba, ka san wanda nake nufi. Amma ka saurara, akwai zaɓe ranar Talata ta sama."

"Zaɓen wa?"

"Ba na mutum ba ne. Na ganyen ne."

"Ganyen ne ya tsaya takara?"

Sherifa ta ja numfashi ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda take yi wa tsofaffin da take jinya. Hukumar garinsu ta bar wa mutanen gari su yanke da kansu. In masu cewa "e" suka yi rinjaye, 'yan sandan garin za su daina kama mutum a kan ɗan kaɗan, kuma lauyan hukuma ya ce zai janye ƙananan ƙararrakin da ke jira. Ta Iliasu tana ciki. In "a'a" ta ci, komai yana nan yadda yake.

"Iliasu ba shi da ƙuri'a, ni ke da ita," ta ce. "Ban taɓa dangwalawa ba sai da faɗarka. Me zan dangwala?"

Ya ce zai yi tunani. Wannan shi ne karo na farko da Bawah ya ce wa ɗansa ko 'yarsa zai yi tunani, kuma shi kansa ya ji maganar baƙuwa a bakinsa.

Tunanin kuwa bai kai shi ko'ina ba. Abin da aka haramta, su wane ne mutanen gari da za su taru su ce ya halatta? In sun ce e, hayaƙin zai canja wari ne? Kuma garin da ke maƙwabtaka da su fa, in ka tsallaka titi laifi ne, in ka dawo ba laifi ba ne? Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne su masu shan ma da su za a yi zaɓen. Wa ya taɓa tara ɓarayi ya tambaye su irin kwaɗon da za a sa wa ƙofa? Ya sake kiran Sherifa, ta ce masa, "Ba an ce a sha ba ne, Baaba. An ce kar a ɗaure." Ya juya maganar nan a ransa har ya gaji, bai ga inda ɗaya ta ƙare ɗayar ta fara ba.

In ya gama wannan sai Iliasu ya faɗo masa a rai. Yaro ne da ya taso da ciwon ƙirji, wanda Bawah ya sha goyawa zuwa asibiti cikin ruwan sama, autan Ajaratu mai dariya da ido a rufe. Yana son yaron har cikin ƙashinsa, yana kuma jin kunyarsa har cikin ƙashinsa, kuma duka biyun suka ƙi ba juna hanya. A makon nan sau da yawa ya ɗaga sanda ba mota, ko ya bar mota tsaye yana kallon ta.

Sai ya yi abin da ya saba ba wasu shawarar su yi. Ya ce zai kai maganar gaban faranti.

Kowace Juma'a bayan an sauko, 'yan Zongo da wasu 'yan Nijeriya suna taruwa a unguwar Mu'aither, a ɗakin Malam Mumin, dattijon da ke tuƙa motar 'yan makaranta, don ɗakinsa ya fi faɗi. Da safe ake zuwa kasuwar Abu Hamour a sayo kuɓewa da alayyafo da attarugu, a tuƙa tuwo, a zuba a babban faranti ɗaya. In an ci an wanke hannu, mai damuwa ya kawo ta. Akwai doka: wanda ya kawo magana sai ya dafa bakin farantin ya ce ya yarda da duk abin da za a yanke. Bawah ne ya kafa dokar da kansa, shekarar da wasu biyu suka kusa dambe a kan wanda zai kwana kusa da na'urar sanyi, aka raba musu gardama suka ƙi ji.

Yadda ake yankewar kuma Malam Mumin ne ya ƙirƙiro, yana cewa zaɓen sirri ya fi kawo zaman lafiya. Ana ajiye kofin takarda na shayin karak da gwangwanin madara, a lulluɓe su da rawani. Kowa ya ci dabino, ya riƙe ƙwallon, ya cusa hannu ƙarƙashin rawanin ya jefa inda ya ga dama. Sirri ke nan, a faɗarsu. Sai dai kofin takarda ba ya ƙara, gwangwani kuwa in ƙwallo ya faɗa ciki har na bakin ƙofa sai ya ji. Shekara da shekaru ana haka, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa, don kada a ɓata wa Malam Mumin rai.

Ranar nan Bawah ya dafa faranti ya ce ya yarda. Da ya ambaci abin da maganar ta shafa, sai aka fara kallon ƙofa. Aka rufe taga. Aka tattara wayoyi aka kai su waje aka cusa cikin takalma. Sannan ya ci gaba da murya ƙasa-ƙasa, ya ce wani abokinsa ne a Kumasi, ɗansa ya faɗa cikin matsala a Amurka, 'yarsa kuma tana jiran a faɗa mata abin da za ta dangwala. Ya ji ƙaryar tana fita daga bakinsa sumul, har ya yi mamakin kansa.

Sadick, wani ɗan Tamale mai gyaran wuta, ya sosa ƙeya.

"Alaji Bawah, ban gane ba. Mu za mu yi zaɓen?"

"A'a. Yarinyar za ta yi."

"Ita ta tambaye mu?"

"Ubanta ta tambaya."

"Uban ya tambaye ka, kai kuma ka tambaye mu. To mu wa za mu tambaya?"

"Ni abin da ban gane ba," in ji Malam Mumin, "gwamnatin garin tafiya ta yi ne, da za a bar wa talakawa irin wannan magana?"

Tanko, direban wani Balarabe, mutumin Gusau mai murya kamar lasifika, ya manta da an ce a yi ƙasa-ƙasa.

"Wallahi a ɗaure shi! Mu muna nan muna gasuwa a rana muna neman halal, shi an kai shi inda ake wanka da ruwan ɗumi ya je yana busa hayaƙi. Uban ma a bincike shi. Da a hannun Alhaji Bawah yaron nan ya tashi, ai ko hayaƙin turare ya gani sai ya canja hanya!"

Aka yi dariya, aka ce gaskiya ne. Bawah ma ya yi wani abu mai kama da dariya.

Daga nan gardama ta watse ta ko'ina. Wani ya ce ya ji likitoci suna ba masu ciwo. Wani ya ce likitocin ma sha suke yi. Wani ya tambaya ko in an yarda za a dinga rabawa kyauta ne. Sadick ya ce shi dai ɗaurin ne bai ga amfaninsa ba, don ƙanensa ya shiga gidan yari da shan ganye ya fito da sata, amma kafin ya rufe baki aka yi masa caa, ya ce shi ma ba goyon baya yake ba. Da Malam Mumin ya ga la'asar tana matsowa sai ya tafa hannu.

"Halas, ya isa haka, a jefa. Gwangwani, kar a halatta. Kofi, a halatta."

Bawah ya buɗe baki zai ce ba haka tambayar take ba, ba halattawa aka ce ba, ɗauri aka ce. Amma in ya fara wannan bayani dalla-dalla sai an tambaye shi yadda aka yi ya san maganar ɗan wani haka. Ya rufe bakinsa.

Aka zagayo da dabino. Malam Mumin ya cusa hannu, gwangwani ya ce ƙwal. Tanko ya jefa nasa da ƙarfi kamar mai jifan shaiɗan. Sadick ya daɗe da hannu a ƙarƙashin rawani, ya dubi fuskokin mutane, shi ma ƙwal. Haka aka yi ta yi har aka zo kan mai magana, wanda shi ke jefawa a ƙarshe.

Bawah ya cusa hannu. Yatsunsa suka taɓa bakin kofin takardar, ya ji shi wayam, ba komai a ciki. Ƙwallon dabinon ya jiƙe da gumi. Da zai sake shi a nan, ba abin da zai canja, an riga an yi rinjaye. Abin da zai biyo baya shiru ne kawai, kuma kowa a ɗakin zai ji shirun, ya san Bawah na 'yan sintiri ne ya yi shi. Ya ɗaga kai ya ga duk sun zuba masa ido suna murmushi, suna jiran abin da suka tabbata za su ji. Har yau in ka tambaye shi zai ce bai tuna lokacin da ya yanke shawara ba. Ya dai ji ƙwal.

Washegari a bakin sanda ya ɗauki saƙon murya ya tura wa Sherifa. Ya yi ta kewaye-kewaye bai ambaci sunan ganyen ba. Ya ce ya kai maganar gaban manya, ya dafa faranti, ba yadda zai yi ya tashi daga abin da aka yanke. Ya ce kada ta damu, bai faɗi sunan kowa ba, ya ce musu ɗan wani abokinsa ne, don asirinsu ya rufu. Sannan ya ce ta dangwala a'a.

Ya tura, ya tsaya yana kallon wayar. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne so yake ta ƙi. So yake ta kira ta ɗaga masa murya, ta ce ita 'yar Amurka ce yanzu, shi kuma ya yi fushi na kwana biyu ya huce. Ya manta da irin tarbiyyar da ya yi mata. Amsarta ta zo a taƙaice: "To, Baaba."

Kwanakin da suka rage ko addu'a ta rikice masa. Ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya kare garin nan daga ɓarna, sai ya tuna abin da hakan ke nufi, ya roƙi Allah ya kuɓutar da Iliasu, sai ya tuna ta inda kuɓutar za ta zo. A ƙarshe ya dinga cewa, "Ya Allah, kai ka san abin da nake nufi," ya shafa.

Ranar Laraba bayan azahar Sherifa ta kira. Masu "e" sun yi rinjaye, ba ma kusa ba. Lauyan Iliasu ya ce za a janye ƙarar. Ba zai rasa aiki ba, ba za a maido shi ba.

Bawah ya ja kujerar roba ya zauna, a kan diyuti, rana tsaka, abin da ba a taɓa gani ba. Ya yi ta hamdala har hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Bai san ko ya halatta mutum ya yi murna da irin wannan nasara ba, amma murnar ba ta nemi izininsa ba.

"Ke fa?" ya tambaya. "Me kika dangwala?"

"Abin da ka ce."

"A'a kika dangwala?"

"Kai ka ce, Baaba."

Dubban mutanen da ba su san sunan Iliasu ba, ba su san kalar fuskarsa ba, sun fito sun sake shi. Ƙuri'a ɗaya tak da ta fito daga gidan ubansa ita ce ta ce a riƙe shi.

"Iliasu ya sani?"

"Shi ya kai ni wurin zaɓen, motata tana gareji. A hanya ya tambaye ni me ka ce. Ban iya yi masa ƙarya ba, sai na kunna masa saƙon. Ya jira ni a waje har na fito, ya maido ni gida. Ga shi nan, yana son magana da kai."

Bawah ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba. Ya shirya wa zagi, har ma yana marmarinsa. Amma Iliasu gaishe shi ya yi cikin ladabi, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi ciwon gwiwa. Ya ce ya yi kuskure, kuma ya bari, ya roƙi gafara.

"Maganar ƙuri'a kuma ba komai, Baaba," ya ce. "Na san ra'ayinka tun ina yaro. Da ka ce e ma da na yi mamaki."

"Iliasu, ka gane, na dafa faranti ne, kuma mutane..."

"Na gane. Abu ɗaya kawai nake so ka faɗa mini." Muryar yaron ba ta tashi ba, ba ta kuma yi rawa ba. "Ka ce musu ni ɗan abokinka ne. Wane abokin ne? Ina so in san gidan da zan sauka in na zo Kumasi."

Bawah ya buɗe baki. Ya san sunayen abokansa duka, na raye da na mace, amma ba sunan da aka tambaye shi ke nan ba, kuma abin da ya kamata ya faɗa, cewa Iliasu ɗansa ne, bai fito ba. Wata farar mota ta iso bakin ƙofa ta tsaya. Mai ita ya yi ham, ya sake yi, ya sauke gilashi yana kiran sa. Bawah yana tsaye da waya a kunne, ɗansa yana jira a ɗaya gefen, sandar kuma tana ƙasa.